Furen da Ya Zo Makokin Kaka

Da aka dawo daga maƙabarta, liman ya ce Kaka mutum ne da bai taɓa taka ko tururuwa da gangan ba. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta jiyo haka daga cikin gida ta ƙara wa kukanta wuta, har kajin maƙwabta suka tsallake katanga suka yi hijira. Wani tsoho da suka yi karatun allo tare ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. Ya yi ilimi, sai dai ilimin ciyawa." Mai shagon bakin layi ya ce bai taɓa ganin mai bin gida-gida yana roƙon tsofaffin jaridu ba don ya karanta ba, sai Kaka. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, aka tuna makoki ake yi, aka shafa Fatiha.

Duk a kunnena, domin aikina wanke kofunan shayi ne a bayan rumfar maza, kuma zanen rumfa ba ya hana kunne cin abincinsa. Dama Rediyo Kaka yake kirana, wai tashar da ba ta mutuwa ko an ɗauke wuta.

Mutum ɗaya ne bai ce komai ba, shugaban lajnar unguwarmu. Tun da sojoji suka karɓi mulki kowace unguwa a Omdurman take da lajna, ita ke raba katin sukari, ita kuma ta san wanda ya kwana a gidan wa. Ya zo da samari biyu da ba su sha shayi ba. Na leƙa ta wata ɓula ana Fatiha. Idon kowa a ƙasa, nasa yana kan katangarmu.

Na ɗauki biro ne don na ga in na yi shiru, nan da baɗi abin da zai rage na Kaka a bakin mutane shi ne tsoho mai tara jaridu. Alhali abu biyu ya bari a gidan nan. Ɗaya rabin duro ne cike da ƙasa a bayan ɗakin girki, da wani tsiro da ya ce duniya ba ta san sunansa ba tukuna. Ɗayan yana binne a ƙarƙashin randar ruwa, kuma in aka tono shi, bulala arba'in ce a bainar jama'a ga duk wanda ake kira maigida.

Kakan Kaka da ƙafa ya taho daga ƙasar Hausa zai je hajji, ya tsaya a bakin Nilu ya huta, hutun da har yau ba mu gama ba. Kaka ne ya fara yin boko a zuriyar. Ya sami aiki a hayin kogi, a Khartoum, a wani ɗakin ajiyar tsirrai inda ake busar da ganye tsakanin jaridu a rubuta masa suna da asali. Cikin duk tsirran Allah, dangin gwaza ya zaɓa. Ni na ɗauka gwaza ba ta da dangi sai gishiri da yaji. Ashe akwai cakara, akwai kinciya, akwai gwazar giwa.

"Har kainuwa 'yar ɗakinsu ce," in ji shi.

Habboba, matarsa, haka muke kiran kaka mace a nan, ta ce, "To a dafa maka ita da rana."

"Ba a tukunya ake gane dangi ba, Hajja. A fure ake ganewa."

"Ni ban taɓa ganin furen kainuwa ba."

"Don ba ki taɓa durƙusawa ba."

"Na durƙusa wa Ubangijina, ya ishe ni."

Mutane ma rarraba su yake yi. Ya ce shugaban lajna kauci ne, ba shi da saiwa a ƙasa, a jikin wani yake tsotso. Habboba ta ce ya rage murya, katanga gajera ce.

Ina ƙarama aka kore shi daga aiki. Wata safiya mai gadi ya tare ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce an sallami Malam don maslahar jama'a. Kalmar nan ta ci mutane da yawa a shekarun, ba a kuma tambayar wace jama'a. Kaka ya roƙi a bar shi ya ɗauko butarsa, ya zagaya lambun baya. Ya hau bas daga Suk al-Arabi kansa ba rawani, rawanin yana cinyarsa an naɗe wani abu mai girman ƙwarya.

Habboba ta kwance ta ga saiwa, baƙa, mai ƙuraje. Ta ce, "Wasu in an kore su da agogon bango suke dawowa. Kai ka dawo da doya marar lafiya."

Da hannunsa ya tono ta a wani dutse kudu da Damazin, kafin yaƙi ya rufe hanyar. Yanzu wurin sai soja sai nakiya. Ya ce jikinsa ya ba shi ba ta cikin waɗanda aka rubuta, amma jin jiki ba hujja ba ne. Kafin a yarda tsiro sabo ne sai an kwatanta shi daga saiwa har fure, an gwada shi da 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya, sannan a ajiye samfuri inda duk mai musu zai je ya gani da idonsa. Saiwa yana da ita. Ganye ya busar tuni. Fure ne ya ƙi zuwa.

Duk shekara ganye ɗaya tak take fitarwa, sama a baje kamar laima, karan dabbare-dabbare kamar bayan kasa. Ranar da Gwaggo ta fara ganinsa ta kwaɗa masa taɓarya tana salati, wai maciji ya miƙe tsaye. Kaka bai yi mata magana ba har ƙaramar salla.

"Ganye kayan aro ne, Rediyo," yakan ce min. "Kowa na iya sa na wani. Sai fure ya fito ake sanin 'yar gidan wa ce."

Da hannunsa ya fara rawa sai ya ari nawa. Yakan samo furannin 'yan'uwanta daga masu lambun bakin kogi, ya ba ni reza. Furen wannan dangi sanda ce a tsaye, mayafi guda ya kewaye ta kamar mazurari. Furannin gaskiya ƙanana ne kamar ƙwayar gero, a manne a gindin sandar, mata a ƙasa, maza a sama. Dole a yanka taga a jikin mayafin a gan su, ba tare da reza ta shafi ko ƙwaya ɗaya ba. Na kashe furannin da in suka haɗa kai ranar hisabi, na shiga uku. Ranar da na yi daidai ya ce, "Hannunki ya fi bakinki hankali." Ban taɓa samun yabo kamarsa ba, ko da yake rabinsa zagi ne.

Matsalar ita ce irin wannan fure ba ya busuwa a jarida. Jikinsa ruwa ne, in an danne shi sai ya koma kamar ƙanzo, ba a gane mace ba a gane namiji. Sai dai a nutsar da shi a kwalba cikin isbirto, wato barasa mai ƙarfi irin ta asibiti, da zarar ya buɗe, don ba ya daɗewa yake kwantawa. Isbirto kuwa a wurin doka ɗan'uwan giya ne. Kantin magani ba ya bayarwa sai da takarda, takarda kuma ba ta zuwa hannun korarre.

Shi ya sa wata rana bayan azahar ya ce in ɗauko tsohuwar jarkar man riɗi in raka shi Dar Salam, can bayan gari, inda waɗanda yaƙi da fari suka koro suka gina gidajen laka. Kaka, mutumin da ke kiran salla in ladan ya yi mura, shi ne ya yi sallama a ƙofar mai dafa araƙi, giyar dabino.

Matar ta dube shi daga rawani zuwa takalmi. Ta ce da Larabci, "Ya Haj, masallaci yana baya."

"Daga can nake. Naki nake so, amma ki mayar da shi wuta ki sake tacewa, har sai ya kama in an kusanto da ashana."

"Wanda ya sha wannan ba zai ga gobe ba."

"Wanda zan ba dama ba ya ganin jibi."

Ranar da muka koma ɗaukowa, a hanyar gida aka tare bas ɗinmu. Na karanta duk surar da na sani har da wadda ban sani ba. Amma ba mu ake nema ba, samari ake kwasa zuwa aikin soja. Suka ja wani yaro da bai girme ni sosai ba, takalminsa ɗaya ya zauna a bas. Kowa ya kalli cinyarsa. Kaka ya ɗauki takalmin, ya tambayi yaron mota a ina yaron ya hau, muka sauka muka koma da ƙafa. Takalmi a hannu ɗaya, jarkar bulala arba'in a ɗayan, yana tambaya gida-gida har muka sami uwar. Ya ce gara ta ji daga bakin mutum da ta yi ta zagaya asibitoci.

Habboba ta gane tun bai gama haƙa ramin ba.

"A ƙarƙashin randata. Inda nake ɗibar ruwan alwala."

"A rufe take, Hajja."

"In aka kwantar da kai a gaban kotu da furfurarka, ina zan kai fuskata? In kuma ɗanka aka kwantar?"

Ya ce, "In na riga furen, ki zubar."

"Tun ba a gama yi maka wanka ba."

Ta daɗe tana miƙa masa shayi ba sukari, shi kuma yana sha yana yabawa.

Daga baya muka ji an kama mai araƙin, an yi mata bulala, an matse sunaye daga bakinta. Tun lokacin shugaban lajna ya fara gaida Kaka da hannu biyu.

Bana, a tsakiyar bazara, zazzaɓi ya kwantar da shi. A makon ne ƙasar duron ta tsage, wani tsini ya leƙo. Ya sa ni da Baba muka ɗauke shi da gadon har bakin duron. Idonsa ya riga ya yi rauni.

"Siriri ne ko mai ciki?"

"Mai ciki ne, Kaka. Kamar Gwaggo bayan walima."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ganye siriri yake fitowa. Wannan shi ne." Ya huta, sannan ya ce, "Ki gaya masa ya yi sauri."

Na gaya masa. Kullum ina gaya masa, da Hausa da Larabci, har da zagi. Furen bai yi sauri ba. Kaka ne ya yi.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, ana shirin naɗe rumfa, wari ya taso. Ba ya kwatantuwa, amma bari in gwada: a ce jaki ya mutu a rijiya, akuya ta bi shi ta ga abin da ya faru, ita ma ta mutu. Ƙudajen Omdurman kaf suka hallara, wasu na tabbata gada suka hayo daga Khartoum. Maza suka toshe hanci da bakin rawani. Mata suka daina kuka, shirun ya fi kukan ban tsoro. Na ji wata na raɗa wai ƙasa ce ta ƙi Malam.

Shugaban lajna ya miƙe yana kaɗe riga. Ya ce wa Baba a hankali, kamar mai ba da shawara, "Ɗan'uwa, a gidan nan akwai abin da aka binne wanda ba a kai maƙabarta ba. Bari in kira waɗanda za su taya ka dubawa." Ya tafi, ya bar samarinsa a ƙofa.

Baba makanike ne a wani gareji a Alshajara, mutum mai gudun fitina, wanda ko rediyon gaske yakan rage in an fara labarai. Ga shi ya zama maigida ba shiri. Ya shigo fuskarsa kamar toka.

"Tono jarkar ki zuba a masai. Furen kuma a sare a kai bola. Yanzu."

"Baba, Kaka ya ce..."

"Kaka yana inda bulala ba ta kaiwa."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ɗauki fartanya.

"Ke." Muryar Habboba ce. Tun ranar rasuwar take takaba a ɗakinta, cikin farin zane marar ado, a kan tabarma, fuskarta ga bango. Namijin da ba muharrami ba ko inuwarta ba ya gani. "Ya buɗe duka?"

"Ya buɗe, Habboba."

"Kawo shi nan. Da jarkar. Da kwalbar alewar da ya ɓoye a bayan buhun gawayi yana zaton ban sani ba."

Baba ya tsaya a bakin labule. "Inna, ni za a kwantar."

"Ni na goyi bayan nan, na san darajarsa. Na ce zan zubar. Ranar da ya cika na tashi, na kasa. An karɓe masa wurin aiki, an karɓe masa dutse. Wannan kaɗai bai miƙa ba, kuma ba ni zan miƙa ba. Kai ne maigida. In zubarwa ce, ɗauki ka zubar da hannunka."

Baba ya dubi fartanyar da ke hannuna. Bai karɓa ba. Ya juya ya koma ƙofa yana amsa gaisuwa.

Habboba ta ce Gwaggo ta tara mata a gindin randa su yi kuka. Aikin da aka halicci Gwaggo dominsa ke nan. A tsakiyar zoben zannuwa na tono jarkar, samarin ƙofa suna kau da kai.

Na yanko furen daga gindi na kai ɗaki. Sandar da ɗumi take, kamar goshin mai zazzaɓi, har na kusa yar da shi.

"Isbirto yana cinye launi," in ji Habboba, da bango take magana. "Kullum yana faɗa. Faɗi abin da kika gani, ni zan riƙe."

Ashe duk shekarun da take cewa ba ta ji, ji take.

"Bayan mayafin kore ne, da ɗigo-ɗigo."

"Wane koren?"

"Na ɗanyen lemon tsami."

"Ciki fa?"

"Launin hanta."

"Ɗanya ko dafaffiya?"

"Ɗanya."

Na sa reza na yanka taga. Mata a ƙasa, kore. Maza a sama, launin man shanu. Tsakaninsu akwai wasu ƙwayoyi farare masu sheƙi kamar haƙoran jariri, irin da ban taɓa gani ba a duk furannin da na kashe. Gindin mayafin kuma daga ciki gashi ne, ja, mai laushi.

Da na faɗa, Habboba ta juyo daga bango. Ta duba da kyau. Ta ce, "Mummuna ne." Sai ta riƙe min kwalbar da hannu biyu, na tsiyaya.

'Yan sanda suka iso kafin magariba. Suka zazzage gawayi, suka kifar da tukwane. Suka sami rami a ƙarƙashin randa ba komai a ciki, da kututture a duro ƙuda na binsa. Warin da ya cika gidan ya danne na araƙi. Baba ya ce fure ne ya yi warin, an yanke an jefa masai. Ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba sai ranar, kuma bai iya ba, muryarsa ta tashi kamar ta ɗan akuya.

Saura ɗaki ɗaya. Shugaban lajna ya nuna shi da haɓa. Ɗan sandan da ke gaba, matashi ne, ya tsaya a bakin labule.

"Shigo, ɗana," in ji Habboba. "Ni ce wadda mijinta ya mutu shekaranjiya. Ɗaga labulen ka ga fuskata, ka je ka gaya wa uwarka aikin da ka yi yau."

Hannunsa ya kai ga labulen ya dawo. "Malesh, ya Hajja. Allah ya ba da haƙuri."

Shugaban lajna bai yi fushi ba. Da ya yi, da na fi samun natsuwa. Ya matso ya ce, "Takaba tana da ranar fita, Hajja. Mu maƙwabta ne, ba inda za mu."

Daga ranar samarinsa suka tare a bencin mai shago. Duk abin da ya fita daga gidanmu sai an buɗe, kwando, kular abincin Baba, jakar makarantata. Sun ga sakamakon lissafin da ko Umma ban nuna wa ba. Kwalbar kuwa tana ƙarƙashin gadon Habboba, watanni suna tafiya.

Akwai wata ɗalibar Kaka da har yanzu take aiki a ɗakin ajiyar. Ta zo gaisuwa, Habboba ta jawo mata kwalbar. Furen ya riga ya yi fari fat kamar fatalwa. Ta durƙusa ta daɗe tana leƙa tagar da na yanka, Habboba na biya mata launuka kamar mai hadda. Da ta ɗago ta ce, "Malam ya yi gaskiya." Ta ce in kwalbar ta isa wurinsu aka manna mata lamba, ta zama kayan ilimi, ba mai taɓa ta. A gidanmu giya ce, a hayi samfuri. Tsakani akwai bencin mai shago, da gada mai soja a kowane kai.

Habboba ta ce, "Ranar fitata, ki samo mai kwalekwale."

A nan, in mace ta gama takaba, mata sukan raka ta kogi da safe, fuskarta a rufe, da ƙunshin kayan da ta yi zaman da su, ta wanke fuska a ruwan. An ce namijin da ya yi ido biyu da ita a hanya ba zai ga alheri a shekarar ba. Liman ya sha cewa camfi ne. Shugaban lajna ma ya taɓa miƙewa bayan Juma'a ya ce irin waɗannan al'adu ne suka hana ƙasa ci gaba.

Da safiyar ranar fitar, Baba bai tafi gareji ba. Ya shigo da tsohuwar robar cikin taya, ya yanka, ya naɗe kwalbar, ya ɗaure murfin, ya sa ta a tsakiyar fararen zannuwan ya ƙulle. Ya ɗaga ƙunshin ya jijjiga a kunnensa yadda yake sauraron inji, ya ƙara ɗauri.

Muka fito rana ta ɗan ɗaga. Ban taɓa ganin layinmu haka ba. Shago a rufe. Mai sayar da ruwa ya juya jakinsa ya bi wani lungu. Samarin benci sun manna goshi da katanga kamar 'yan ajin da aka hukunta. Ƙofar shugaban lajna a garƙame, har da taga. Habboba a gaba da ƙunshi a ka, Gwaggo na riƙe da hannunta. Ni a baya ina jin ƙul, ƙul a kowane taku, Gwaggo na tari tana rufewa.

A bakin kogi mai kwalekwalen ya ba mu baya yana kallon Khartoum, ɗalibar na zaune a ciki. Habboba ta shiga ruwa har idon sawu, ta wanke fuska, ta miƙa ƙunshin.

"Malam ya so a sa mata sunan dutsen da ya tono ta," in ji ɗalibar.

"Ni kuma na ce nasa," in ji Habboba.

"Hajja, ya nanata min."

"Ni ma ya nanata min. Shi ya tafi, ni ke nan. Dutse ba ya bukatar a tuna da shi, yana nan inda yake."

Muka tsaya har kwalekwalen ya zama ɗigo.

Da azahar 'yan sanda suka zo. Suka shiga ɗakin da takalma, suka ɗaga gado, suka farke katifa. Ba su sami komai ba sai zoben da gindin kwalba ya bari a ƙasa. Shugaban lajna ya daɗe yana kallon zoben. Sannan aka ce Baba ya zo ya amsa 'yan tambayoyi, ba daɗewa. Ya ce wa Umma ta ajiye masa abincin rana.

Aka ajiye, aka ɗumama, aka sake ajiyewa. Ba wanda ya san inda aka kai shi, irin gidajen nan ba su da suna a ƙofa. Habboba ba ta yi kuka ba. Ta koma tabarmarta ta fuskanci bango, zaman da wannan karon ba wanda ya ɗora mata.

Wata la'asar Baba ya dawo da ƙafa, cikin rigar da ya tafi da ita, yana tafiya kamar mai ɗauke da tire cike da shayi. Umma ta kawo kujera, ya ƙi. Ya zauna a bakin tabarma bai jingina da komai ba. Har yau ba ya jingina, mu kuma ba mu tambaya. Na kawo masa ruwa. Bakina cike da labarai, ban sami ko ɗaya da ya dace ba.

Ya sha, ya miƙo kofin, ya dubi ƙofar ɗakin uwarsa, ya rage murya.

"Ta haye?"

"Ta haye, Baba. An manna mata lamba."

"Murfin bai yi yoyo ba?"

"Ko ɗigo."

Ya gyaɗa kai. "Dama na san ɗaurina."

Allah ya jiƙan Kaka, ya sanyaya masa makwanci, ya yalwata masa ƙasar da yake ciki. Duk wanda ya karanta wannan ya shafa masa Fatiha, in ya ɗaga hannun kuma ya sa Baba a ciki.